Gadar Kenedi ta Yamai: wurin da ya cancanci baƙo ya sauka ya taka da ƙafa

Yawancin mutanen Maraɗi, Damagaram da Tawa da ke zuwa Yamai, buƙata ce ke kawo su. Ɗan kasuwa ya zo fitar da kaya daga duwan, ma'aikaci ya zo bin takardarsa da ta kwana biyu a minista, wani ya kawo mara lafiya asibiti, wani ya rako yaro jami'a. Da buƙata ta biya sai kowa ya nufi tasha, ya koma gida bai san kome ba a birnin in banda babbar kasuwa, Katako da ƙofar ofis. Alhali kuwa ƴar tafiya kaɗan daga tsakiyar gari akwai wurin da ba a biyan ko dala don ganinsa, wanda tarihin ƙasar nan na shekara hamsin da ƴan kai ya bi ta kansa. Wannan wuri shi ne gadar Kenedi. Da yawa sun ratsa ta cikin taksi ko faba-faba, amma kaɗan ne suka sauka suka taka ta da ƙafa. Hausawa kuwa sun ce gani ya kori ji.

Kafin a yi gada

Kogin da Hausawa ke kira Kwara, Zabarmawa ke kira Isa, yana tasowa daga duwatsun ƙasar Gine, ya ratsa Mali, ya shigo Nijar, ya bi iyakar Benin, sa'an nan ya faɗa teku a Nijeriya bayan tafiyar kusan kilomita 4200. Daga cikin wannan tsawo, wajen kilomita 550 ne ke cikin ƙasar Nijar. Mutanen bakin kogi sun daɗe da raɗa wa gaɓoɓinsa biyu suna. Gaɓar hagu, wadda birnin ke kanta, suna ce mata Hausa, gaɓar dama kuma Gurma. Saboda haka Bahaushen da ya tsaya a bakin gadar ta wajen gari, ko da bai sani ba, yana tsaye ne a gefen da sunansa ya zo ɗaya da na ƙasarsa tun kaka da kakanni, kuma ta wannan gefe ne fatake ke fitowa daga gabas da jakuna da kanwa da tufafi, su ƙetare su nufi Gwanja neman goro.

A ƙarni na 19 babbar mafita tana garin Sayi, wajen kilomita 55 kudu da Yamai, garin shehin malami Alfa Mahaman Jobbo. A can ne Bajamushen nan Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya ƙetare kogin a 1853 kan hanyarsa daga Sakkwato zuwa Tumbutu. Yamai a lokacin ƙauyuka ne na masunta da manoma. Sai a 1926, da nasara suka ɗauke babban birni daga Damagaram suka kawo shi nan, garin ya fara girma. Duk da haka, har aka samu mulkin kai a 1960 babu gada a Yamai. Mai son ƙetarewa sai ya shiga kwale-kwale, mai mota kuma ya jira jirgin fito da ake kira bak. In jirgin ya lalace, ko dare ya yi, sai haƙuri. Gadar da ƙasar ke da ita a kan kogin ita ce ta tsakanin Gaya da Malanbil, can iyakar Dahome ta wancan zamani.

A zamanin shugaba Jori Hamani aka gina gadar Yamai da taimakon kuɗin Amurka, aka buɗe ta a 1970. Tsawonta mita 710. An sa mata sunan John Kenedi, shugaban Amurka da aka harbe a birnin Dallas ran 22 ga Nuwamba 1963, wanda a zamaninsa samarin Amurka masu aikin sa kai suka fara zuwa Nijar a 1962. Tun daga buɗe ta har 2011, wato shekara 41, ita kaɗai ce gada a birnin. Duk abin da zai ƙetare, mutum ne, dabba ce, mota ce ko gawa, ta kanta zai bi.

Abin da ido ke gani

Lokacin da ya fi dacewa da ziyara shi ne bayan sallar asuba ko bayan la'asar sakaliya. Gadar tana da hannu biyu na mota, da ƴar hanyar masu ƙafa a kowane gefe. Mai tafiya a hankali yana tsayawa yana kallo zai ƙetare ta cikin minti 20.

Da sassafe gari ne ke karɓar abincinsa daga ƙetare. Ga masu kekuna da babura ɗauke da salati, kabeji da tumatir daga garake, ga mata Fulani da ƙoren nono, ga amalanken jakuna, ga raƙuma ɗauke da itace, zana ko ciyawa suna tafiya da ƙasaita a tsakanin motoci, direbobi na hon, su ko a jikinsu. A ɗaya hannun kuma ɗalibai da malamai da ma'aikatan asibiti ne ke nufar ƙetare. In mutum ya leƙa ƙasa zai ga masu wanki jere a bakin ruwa suna bugun tufafi, sun shanya su a ƙasa launi-launi. Zai ga masunta a cikin ƙananan jirage suna jefa birgi, suna neman giwan ruwa, tarwaɗa da karfasa. A lokacin kabewa kuma manyan jirage na sauke ta a gindin gadar, a tara ta tsibi-tsibi kamar duwatsu.

In ya juyo ya dubi gari, zai ga birnin bisa tudu, ga otal Gaweye da gidan taro na Palais des Congrès daf da bakin gadar. Sunan otal ɗin na wata tsohuwar unguwar bakin kogi ne da aka tayar, mutanenta suka koma ƙetare da sunan unguwarsu. A bayan waɗannan gine-gine akwai gidan tarihi na ƙasa mai sunan Bubu Hama, wanda aka kafa a 1959. A can ake ajiye da gangar itacen nan na Tenere da mota ta kayar a 1973, da ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe waɗanda aka tono a jahar Agadas, da rumfunan maƙera, dukawa da masaƙa. Wanda ya zo da iyali zai iya haɗa gada da gidan tarihi a yini ɗaya ba tare da ya hau mota ba.

In ya dubi ƙetare kuwa, zai ga ƙasa shimfiɗaɗɗa, fadamun shinkafa da lambunan mangwaro, can baya kuma tsaunuka masu shafaffen kai, ciki har da guda uku da ake kira ƴan uwa mata uku. A bayansu rana ke faɗuwa. Cikin hunturu, in ƙura ta tashi, mutum na iya kallon ranar ido da ido kamar faifai ja, kogin kuma ya ɗauki launinta, jirage su zama baƙaƙe a kansa. Wannan kallo ne baƙi ƴan ƙasashen waje suka daɗe suna biyan kuɗin shayi da tsire a farfajiyar Grand Hôtel don su samu, alhali a kan gada kyauta ne.

Abu ɗaya ya kamata baƙo ya kiyaye. Gada na cikin wuraren da jami'an tsaro ke sa wa ido, don haka kada ya fiddo wayarsa ya hau ɗaukar hoto sai ya tambayi waɗanda ke gadi. Kuma hanyar ƙafa ba ta da faɗi, mai yara ya riƙe hannunsu.

Garin da gada ta haifa

Mutanen Yamai suna kiran ƙetare Haro Banda, wato bayan ruwa da Zabarmanci. Kafin 1970 ƙauyuka ne kawai a can, irin su Lamorde, wadda sunanta da Fillanci ke nufin mazaunin sarki, da Kirkisoy da Sagiya. Da gada ta samu sai gwamnati ta fara kai manyan ayyuka. A 1971 aka buɗe cibiyar ilimi mai zurfi, wadda ta zama jami'ar Yamai a 1973. A 1992 aka sa mata sunan Abdu Mumuni, masanin hasken rana da ya rasu a 1991. A 1974, bayan babban farin da ya halaka dabbobin Sahel, aka kafa cibiyar Agrhymet mai binciken ruwan sama da amfanin gona don ƙasashen yankin. Asibitin Lamorde ma a can take. A 2017 kuma aka ƙaddamar da tashar wutar lantarki ta Goru Banda a bisa tudun ƙetare. Yau Haro Banda ita ce gunduma ta 5 ta birnin.

Ga ɗan kasuwa, gadar ƙofa ce. Daga gindinta hanya ke rabuwa, ɗaya ta nufi Torodi da Makalondi ta shiga Burkina Faso, daga can a wuce Lome, Tema ko Abijan, ɗaya kuma ta nufi Sayi, inda jami'ar Musulunci take, ta wuce Tamu har gandun dajin W. Shekaru da yawa shinkafa, siminti, yadi da ƙarafan da ake sayarwa a Yamai, wani kaso ma har Maraɗi da Damagaram, sun bi ta kan wannan gada, albasar Galmi da wake da dabbobi kuma suka bi ta kanta suka fita. Ƙasar da ba ta da bakin teku, gada a wurinta daidai take da tashar jirgin ruwa. An ga misalin haka a 2023, sa'ad da aka rufe gadar Gaya da Malanbil bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Manyan motoci suka yi dogon layi a iyaka, kaya suka koma zagaye ta Togo da Burkina da rakiyar soja, farashi ya tashi a kowace kasuwa. Rashin tsaro a yankin Torodi shi ma ya rage wa tsohuwar hanya armashi. Wanda ya sha wannan wahala ba ya buƙatar a gaya masa darajar gada.

Ranar Juma'a, 9 ga Fabrairu 1990

Babu yadda za a yi a ba da labarin wannan gada a tsallake wannan rana. A lokacin ƙasar na hannun janar Ali Shaibu, wanda ya gaji janar Saini Kunce a 1987, jam'iyya kuma ɗaya ce tak. Kuɗin uraniyom sun ja baya, bashi ya yi yawa, Bankin Duniya ya kawo tsarin tsuke bakin aljihu wanda ya shafi ilimi da kuɗin tallafin ɗalibai. Ƙungiyar ƴan makaranta ta USN ta kira tattaki. Tun da jami'a na ƙetare, ofisoshin gwamnati kuma na cikin gari, babu wata hanya sai gada. Da ɗaliban suka zo shiga gari, jami'an tsaro suka tare su, aka buɗe wuta. Uku suka rasu, Aliyo Nahanci, Isaka Kaine da Abdu Maman Sagiru, da dama kuma suka jikkata.

Abin da aka yi don a tsorata jama'a, sai ya cire musu tsoro. Ƙungiyar ƙwadago ta USTN ta haɗa kai da ɗalibai, zanga-zanga da yajin aiki suka bi juna. A watan Mayu na shekarar jarida mai zaman kanta ta farko, Haske, ta fito. A watan Nuwamba shugaban ƙasa ya amince da jam'iyyu da yawa. Daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 aka yi babban taron ƙasa a ƙarƙashin jagorancin farfesa Andre Salifu, inda aka tattauna har batun kisan gada. A 1993 aka yi zaɓen da ya kawo Mahaman Usman kan mulki. Dandalin da ke bakin gadar ta wajen gari aka sa masa suna dandalin shahidai, kuma shekara da shekaru ɗalibai na tunawa da ranar a duk faɗin ƙasa, suna neman a yi shari'a.

Baƙon da bai san labarin ba zai ga shataletale ne kawai, motoci na zagayawa. Wanda ya sani kuwa zai tuna cewa duk wanda ya taɓa jefa ƙuri'a a ƙasar nan, ko ya sayi jaridar da ba ta gwamnati ba, ko ya faɗi ra'ayinsa a rediyo mai zaman kansa, yana da bashin waɗannan samari uku a wuyansa. Uban da ya rako ɗansa jami'a, ya dace ya tsaya nan ya ba shi labarin kafin su ƙetare, su yi wa mamatan addu'a.

Ruwa biyu a shekara ɗaya

Wanda ya ga kogin sau ɗaya bai gan shi ba, domin kamanninsa na sakewa da watanni. A Yamai kogin na cika sau biyu. Cikar farko tana zuwa a Agusta da Satumba, daga ruwan saman da ke sauka a nan kusa, wanda rafukan Goruwal, Dargol da Sirba ke kwasowa daga ƙasar Gurma. Wannan ruwa ja ne saboda ƙasar da ya ɗebo, kuma yana zuwa da gaggawa. Cika ta biyu ruwan Gine ne. Yana sauka can da damina, amma sai ya bazu cikin manyan fadamun Mali a yankin Mopti, ya yi watanni yana tafiya a hankali, ya iso Yamai a Disamba da Janairu, ya tace, ya yi duhu. Shi ya sa baƙo daga Maraɗi, wanda ya saba da gulbin da ke gudu da damina ya ƙafe da rani, kan yi mamakin ganin kogi maƙil a tsakiyar sanyi, wata uku bayan ɗaukewar ruwan sama.

Daga Afrilu zuwa Yuni kuwa ruwa na janyewa, rairayi ya fito tsibiri-tsibiri, shanu su sauka kiwo a inda jirage ke wucewa da. A watan Yuni 1985, bayan farin 1984, kogin ya daina gudu a Yamai ɗungurungum, mutane suka riƙa ƙetarewa da ƙafa a ƙarƙashin gadar da aka gina don ƙetare shi. Bayan wannan ne aka gina madatsar Gudel don a tsare wa birnin ruwan sha. Shekara 35 bayan haka aka ga akasin abin. A Satumba 2020 ma'aunin ruwa na Yamai ya kai santimita 700, abin da ba a taɓa rubutawa ba, alhali ana shelar babban haɗari tun daga 620. Shingen ƙasa ya fashe, ruwa ya shiga Lamorde, Karaje, Kirkisoy da Saga, dubban iyalai suka koma makarantu da tantuna. Kafin nan ma an sha irin wannan a 2012.

Masana sun bayyana dalili. Da, tudun da ke kewaye da kogin na da itatuwa da ciyawa masu riƙe ruwa. Da aka sare su don girki da gona, ƙasa ta zama fako, ruwan sama ba ya nutsewa, sai ya kwaranyo ta ƙoramu ɗauke da rairayi ya zuba cikin kogi. Rairayin ya cike gadon kogin, don haka da damina ruwa ba ya samun wurin zama sai ya hau gidaje, da rani kuma ba ya samun zurfin da zai jima. Ke nan itacen da raƙuma ke shigowa da shi ta bisa gada da rairayin da ke taruwa a ƙarƙashinta, asalinsu ɗaya. Ga kuma ciyawar ruwa mai shuɗin fure da ke toshe wa masunta hanya, ga ledoji da ruwan kwatamin birnin da yawan mutanensa ya tashi daga kusan 400.000 a 1988 zuwa fiye da miliyan ɗaya a ƙidayar 2012. Hukumar kula da kogin ta ƙasashe 9, wato ABN, a Yamai mazauninta yake. Dam ɗin Kandaji, wanda ake sa ran zai daidaita ruwan rani, an aza harsashinsa a 2008 wajen kilomita 180 arewa da birnin, aikin kuma ya yi ta tafiya yana tsayawa. Amma ko dam ba zai maye gurbin itacen da aka sare a kan tudu ba.

Ƙannenta biyu

Da birnin ya cika, gada ɗaya ta kasa. Tsoffin mazauna na tuna yadda mota guda in ta mutu a tsakiya, ko manya za su wuce, gari ke rabewa biyu, mai haihuwa a wancan gefe, likita a wannan. A 2011 aka buɗe gada ta biyu a ƙasa da ita, wajen Gamkalle, wadda ƙasar Sin ta gina, aka kira ta gadar zumuncin Sin da Nijar. A 2021 aka buɗe ta uku a sama, wajen Gudel, mai sunan janar Saini Kunce. Dukansu sun fi ta faɗi. A 2021 ɗin kuma aka buɗe gadar Fariye mai sunan Jibo Bakari a kan hanyar Tera, inda jirgin fito ya daɗe yana aiki.

Samun ƙanne ya rage mata nauyi, amma yana iya jawo mata sakaci, domin ido kan koma ga sabon abu. Siminti da ƙarfen da suka haura shekara 50 suna ɗaukar kaya suna buƙatar dubawa a kai a kai. Dogaran gefe, fitilu da hanyar masu ƙafa suna son gyara tun kafin su lalace, domin rigakafi ya fi magani. Ƴan kasuwa da masu manyan motoci na da nasu rabo wajen kiyaye nauyin lodi. Ma'aikatan da ke rubuta kasafin kuɗi na da nasu wajen tuna cewa kuɗin gyara ba asara ba ne. Kuma zai yi kyau a ce baƙon da ya tsaya a bakin gada ya tarar da bayani rubuce da Hausa, Zabarmanci da Faransanci, mai faɗin shekarar da aka gina ta da abin da ya faru a kanta, don kada labarin ya tafi tare da waɗanda suka gani da idonsu.

Saboda haka, duk wanda Allah ya kawo shi Yamai daga gabas, in takardarsa ta makale a ofis aka ce ya dawo gobe, ko motarsa ba ta tashi sai da asuba, kada ya ƙare yinin a bencin tasha. Ya nufi bakin kogi bayan la'asar, ya tsaya a dandalin shahidai, ya taka mita 710 zuwa Haro Banda, ya yi magariba a can, ya dawo. Zai koma gida da labarin da ya fi na tsadar masauki da cunkoson motoci. Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu, ya tsare mutanen bakin kogi daga fari da ambaliya, ya ba ƙasa zaman lafiya. Amin.